Neman Namijin da ke Cikin Kwalba

Duk wanda ya yi nazarin tarihin duniya da idon basira zai tarar an zalunci yawu. Jini an yi masa waƙa, an yi yaƙi dominsa, ana rantsuwa da shi. Hawaye mawaƙa sun ɗauke shi sun ɗora a ka. Gumi ma ya samu rabonsa, tunda ba a yabon mai neman na kansa sai an ambace shi. Amma yawu, wanda ba ya hutu, wanda ba don shi ba ko lomar tuwo ba ta wuce maƙogwaro, abin da ya samu daga ɗan Adam shi ne a juya gefe a tofar. Ni da na yi shekara talatin da biyar a gaban allo, da yawun nan na ci abinci, ban taɓa gode masa ba sai da ya kai ni Masar.

Na rubuta wannan ne don in huta. Tun da na dawo, duk la'asar in na fito majalisarmu ta gindin dalbejiya a Tudun Wadan Zariya sai an tare ni: "Hedimasta, yaya Alƙahira? Ka ga Dalar Fir'auna?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura kowane faɗi sai labarin ya ƙara tsawon taƙi guda. Gara in ɗaure shi a takarda kafin ya fi ƙarfina. Dala dai na gan ta, ta tagar mota, tsakanin wasu benaye biyu. Tana nan yadda aka zana ta a littafin aji huɗu. Wannan babi ya ƙare.

Abin da ya kai ni shi ne Ramlatu, 'yar ƙanwata. Ta yi shekara tara a ɗakin gwajin wani asibiti a Kano tana duba jinin masu shirin aure, don gudun a haifi mai sikila. Ciwon ne ya ɗauke mata ƙane, kuma tun ranar ba ta ƙara ɗaukar maganar da wasa ba. Abin da ya dame ta a asibiti shi ne waɗanda suka fi bukatar gwajin ba sa zuwa: matan cikin gida, da masu tsoron allura, da masu jin nauyin a gan su a layi a ce me suke ɓoyewa. Sai ta ajiye aikin, ta sayar da motarta, ta kama ɗaki biyu a wani bene, ta buɗe kamfanin gwaji da yawu. Ana ba ka 'yar kwalbar roba, ka tara yawu har ya kai wani layi, ka rufe. Ita kuma ta tura wani ɗakin gwaji a Alƙahira, bayan 'yan makonni a aiko da takarda mai bayanin cututtukan da ka gada, da kuma inda kakanninka suka fito. Don na farkon ta buɗe kamfanin. Na biyun ne ke kawo mata mutane, domin da wuya ka sami gida a ƙasar nan da ba ya zargin kansa da Larabci.

Dabarar da ta ɗaga ta kuwa dillalai ce. Matan nan masu shiga gida gida da atamfa da kwanuka, su ta tara ta koya musu bayani, suka riƙa shiga da kwalba a ƙullin kayansu, su fito da ita a rufe. Cikin shekara biyu ta ɗauki ma'aikata huɗu, duka mata.

Sai ga wasiƙa daga Alƙahira. Wai kwalaben matan da take turowa, da yawa in an duba sai a ga alamar namiji a ciki, yawun mutum biyu ya gauraya, ba ya karantuwa. In ba ta kawo bayani kafin ƙarshen wata ba, za su soke yarjejeniya. Babu kuma wani ɗakin gwajin da ƙarfinta zai kai. Ma'anar wasiƙar a taƙaice, a rufe shago.

Da wasiƙar ta zo mini Zariya. Mijinta yana bakin aiki a kudu, an hana shi hutu.

"Kawu, fasfonka na Hajji bai mutu ba ko?"

"Saura wata tara."

"To shirya. Ba za a rufe mini kamfani ta waya ba. Mai korata ya kalli idona."

Na ce ruwa ba ya tsami banza, ko akwai wani namiji a ofis da ke buɗe kwalaben? Ta ce, "Kawu, namijin da ke zuwa ofishina mai karanta mita ne, shi ma daga bakin ƙofa yake tsayawa."

Da biza ta fito na kama hanyar Kano a motar haya. A Kwanar Ɗangora taya ta yi faci, direba ya fito da safaya, ita ma ashe tana jinyar kanta. Muka yi awa guda a gindin wata kuka, ina kallon agogo, direba yana ba ni labarin wani fasinja da ya taɓa rasa jirgi a daidai wurin nan. Na gode masa da wannan ƙarfafa gwiwa. Na iso filin jirgi Ramlatu tana tsaye da jaka ɗaya, ni da uku, biyu daga ciki kilishi ne da yaji da kuka da daddawa, saƙon iyayen ɗaliban da ke karatu a can.

A jirgi na zauna kusa da wata Hajiya 'yar kasuwa mai sarin abaya, wadda ta ce wannan zuwanta na goma sha wani abu. Ta ba ni dokoki uku na zaman Alƙahira: kada in karɓi farashin farko, kada in karɓi na biyu, kuma in mutum ya ce mini "bukra", wato gobe, in nemi wurin zama. Daga nan ta yi barci har muka sauka.

A wurin binciken kaya wani jami'i ya buɗe jakar Ramlatu, ya ga kwalabe ashirin a jere, babu komai a ciki. Ta taho da su ne daga kwalin da ake zargi, ko aibin daga kwalbar yake. Ya ɗaga ɗaya ya yi tambaya da Larabci. Na ga ranar amfanina ta zo. Na gyara murya, na yi masa bayani da Larabcin da na koya a zaure, da kowane wasali a mazauninsa. Ya saurare ni baki buɗe, ya kira abokan aikinsa biyu su ma su ji, kamar an tono mutum daga cikin littafi. Da na kai aya, ɗayansu ya dafa ƙirji ya ce, "Ma sha Allah, ya Maulana," suka fashe da dariya. Ramlatu ta miƙa musu takardar ɗakin gwajin, suka duba, suka sake mu. Kukar miya kaɗai ta tsayar da mu minti goma. Sai da kowa ya sansana.

Malam Nasiru ya tarbe mu. Tsohon ɗalibina ne, yanzu da furfura a gemu, yana digiri na uku a ilmin fiƙihu, shekararsa goma sha huɗu a garin. Ya durƙusa zai gaishe ni a tsakiyar jama'a, na ɗaga shi. Na tuna shi sarai: ba ya iya rubuta layi uku bai yi gardama da tambayar ba. Ashe sana'a yake koyo.

Gidansa a Hayyin Ashir yake, unguwar da Sudanawa da sauran baƙaƙen fata suka cika, hawa na shida. Akwai na'urar hawa bene, amma Nasiru ya ce ta riga shi zuwa kuma a mace ya same ta. Matakala ɗari da biyu ce, na ƙirga don in san da wa nake faɗa. A nan na ga hikimar da ta burge ni. Matarsa Maryam ba ta sauka sayen gurasa. Kwando take ɗaurewa da igiya ta zura ta baranda, ta ƙwala wa mai shago kira, ya zuba, ta janye. Na tsaya ina kallon titi gaba ɗaya, kwanduna na hawa suna sauka kamar guga a rijiyar gari. Na yi tunanin in kawo wannan Zariya, sai na tuna gidana ba bene ba ne.

Abinci kuwa, Bamisire ya ɗauki wake ya mai da shi tsarin mulki. Da safe dafaffen wake da mai da gurasa, suna ce masa ful. Da rana soyayyen wake, ɗan'uwan ƙosai ne amma kore a ciki. Sai wani da suke alfahari da shi, kushari: shinkafa da taliya da ƙananan wake da soyayyiyar albasa da miyar tumatir a kwano ɗaya, kamar ɗalibin da bai san amsa ba ya rubuta duk abin da ya sani. Na ba shi shida bisa goma. Da na barbaɗa yajin gida ya koma takwas.

Ranar Lahadi, wadda ita ce Litinin ɗinsu, muka nufi Muhandisin, unguwar ofisoshi. Tsallaka titi a garin nan ilmi ne mai zaman kansa. Nasiru ya ce, "Allah ya gafarta Malam, kada ka kalli mota. Nemi tsohuwa ka manne a gefenta." Haka na yi, wata tsohuwa mai ɗauke da kabeji ta tsallakar da ni ba ta ma san ta yi aikin lada ba.

Shugabar ɗakin gwajin, Daktora Mirfat, mace ce gajeruwa mai tabarau a wuya, ba ta da lokacin wasa. Ta ba mu shayi mai sukari kamar an yi ɓari, sannan ta juyo mana fuskar kwamfuta. Da Turanci suka yi, ina bi.

"Wannan mace ce mai shekara sittin, ko? Ga alamar namiji. Wannan amarya ce. Ga alamar namiji. Ma'alish, ki yi haƙuri, ya Madam, ko dai ana buɗe kwalaben a hanya, ko ba a koya wa mutanenki aiki ba. Ni masu sa ido suna zuwa duba ni, ba zan ajiye kwali mai lalata mini suna ba."

Ramlatu ba ta taɓa shayinta ba. Ta ce, "Daktora, ni ma shekara tara na yi a kan benci irin naki. Na san ba ƙarya kike ba. Amma ban zo roƙo ba. Ki ba ni zuwa Alhamis. Ga kwalabe ashirin daga kwalin. Zan cika su a nan garin, a gaban idona. In sun fito da namiji, aibin kwalba ne, ki canza mini. In sun fito lafiya, aibin nawa ne, zan nemo shi."

"In ba ki nemo ba fa?"

"Ni zan rubuta miki takardar sallama da hannuna."

Daktora ta kalle ta ta saman tabarau, ta ce, "Alhamis. Ƙarfe biyu. Bayan nan khalas, an gama."

A mota Ramlatu ta ce mini abin da ban manta ba. "Kawu, ka san shekara biyu ina sayar da kwalbar nan, ban taɓa zama na ga wata ta cika ta a ɗakinta ba? A rufe suke zuwa mini."

Maryam ta tara mana matan ɗalibai ranar Litinin. Suka cika kwalabe a falo suna dariya, Ramlatu na tsaye a kansu kamar mai tsaron jarrabawa, kowace ta rufe a gabanta. Babu abin da ya faru. Ramlatu ta ce waɗannan 'yan boko ne, kuma a gidan wani suke. Tana son dattijuwa, a ɗakinta, irin masu sayen kayanta na Kano. Maryam ta ce to sai Hajja Sittana.

Hajja Sittana Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta daga ƙasar Katsina suka tashi a ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Yaƙi ne ya koro ta Alƙahira ita da mijinta Faki Adam. Hausarta irin ta kakata ce, da kalmomin da na daina ji tun ina yaro, an yayyafa mata Larabci. Ranar Talata muka je gidanta. Da ta ji abin da kwalbar ke yi sai ta riƙe hannun Ramlatu. "Ya bitti, 'yata, zai faɗa mini ko ina da sauran dangi a Katsina?" Ramlatu ta ce ba zai faɗi suna ba, amma zai nuna gefen da jini ya fito. Hajja ta ce ko gefen ma ya isa.

Mata suka shige ɗakin ciki, aka saki labule. Ni da Faki muka zauna a na waje, yana zuba mini gahawa mai citta a wani ƙoƙo kamar murfin kwalba, yana tambayata ko har yanzu ana rini a Kano. Can sai na ga hannun Hajja ya ratso labule da kwalba a buɗe. Daga baya na ji cewa Ramlatu ta sunkuya ne tana rubuta suna a takarda.

"Ya Faki, karɓi."

Faki ya ajiye gahawa, ya karɓa da hannu biyu, ya karanta abin da ya karanta, ya kai bakinsa bakin kwalbar: tuf, tuf, tuf. Sannan, da yake mutum ne mai ladabi kuma ga baƙo malami a gidansa, ya miƙo mini.

"Bismillah, Malam. Ƙara mata albarka."

Ina so in faɗi gaskiya a nan, tunda takarda ba ta mantuwa. Na karɓa. Ni da na zauna a Muhandisin na ga alamar namiji a kwamfuta da idona, ni da na yi kwana uku ina ba da shawara a kan inda namijin nan yake ɓuya, na karɓa, na yi bisimilla, na fara karatu. Ban ga komai a ciki ba. An miƙo mini abu an ce in yi tofi, hannuna ya san aikinsa tun kafin kaina ya farka. Na tara leɓe ke nan labule ya buɗe.

"Kawu!"

Na haɗiye.

Ta tsaya tana kallon kwalba, tana kallon Faki, tana kallona. Hajja ta leƙo ta bayanta ta ce, "Lafiya? Ai abin jikin mutum ne za a kai hannun da ba a sani ba. A bar shi ya tafi tsirara?"

Nan take Ramlatu ta kira Kano, ta sa wayar a bayyane. Babbar dillaliyarta, Iya Tabawa, ta ɗauka, ana jin kukan awaki a bayanta.

"Iya, tambaya zan yi miki, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Matan nan in sun tara yawu, ana yi musu tofi a ciki?"

"To da fa? Yawun mutum za a kai ƙasar Fir'auna ba tsari? Hajiya, da bakina nake gaya musu. Mai miji mijinta, marar miji akwai wani malami a bayan layinmu, hannunsa da kyau. Ai don haka kasuwarki ta buɗe. Da ba a tofi wa zai ba ki?"

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Kin taɓa tambaya ta? Ke ma in za ki sha magani sai an gaya miki ki yi bisimilla?"

Na ɗauka za ta yi fushi. Sai ta zauna a bakin gado, ta ce, "An samu ɓarawo, amma shi ne mai gadin gidan." Domin maganar Iya gaskiya ce. In ta hana tofi, babu mai ba ta yawu. In ta bari, babu mai karanta shi. Ga Alhamis saura kwana biyu.

Tambayar da ta rage ita ce, in an rufe murfi sannan aka yi tofi daga waje, ya yi? Nasiru ya ce wannan mas'ala ce, ya tara abokan karatunsa bayan la'asar, Faki ma ya hau matakala ɗari da biyu ya zo. Ban taɓa ganin an yi wa murfin roba hidima irin ta ranar ba. Wani ya ce asali numfashi ya sadu da abin da ake tofawa. Wani ya ce ai ana tofi a tafi a shafa wa jiki ta saman riga. Na sa baki na ce laya a ɗinke take cikin fata, ba wanda ya taɓa cewa fata ta tare ta. Kuskurena ke nan, domin rabinsu ba su yarda da layar ba tun farko, aka bar murfi aka koma kaina. Nasiru ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ƙiyasinka akwai magana," da irin muryar da na san ya yi shekara talatin yana jiran ranar amfani da ita.

Maryam ta leƙo ta ce Ramlatu na gaishe da malamai, ta ce ita ba fatawa take nema ta kai kotu ba, magana take nema wadda Iya Tabawa za ta iya faɗa a tsakar gida.

Faki Adam, wanda tun da ya zauna yake mai da numfashi, ya ce, "Ya jama'a, addu'ar da ke ratsa sammai bakwai, murfin roba ne zai tare ta?"

Daga ɗakin ciki na ji Ramlatu ta ce, "Kawu, rubuta."

Washegari muka shiga Ataba, kasuwar sari. In ka haɗa Kwari da Sabon Gari da ranar sallah ka matse su a lungu ɗaya, ka kusa. An taka mini takalmi ya cire, na waiwaya, taron ya riga ya tafi da shi. Na sayi silifa na roba shuɗi, da shi na ƙarasa ranar a ƙarƙashin babbar riga. Ramlatu ko waiwaye ba ta yi. Ta san abin da take so: ambulan kore mai kauri, wanda kwalba ba ta shiga cikinsa sai murfinta a rufe, kuma in an liƙe ba ya buɗuwa sai an yaga. Shago bakwai muka shiga tana gwada kwalba a bakin ambulan kamar mai auna wa amarya takalmi. Na tuna dokokin Hajiyar jirgi, na ƙi farashin farko da na biyu, mai shagon ya ce na fi Bamisire taurin kai, na ji daɗi.

Daga nan sai wurin wani mai ɗab'i a ƙarƙashin bene, dattijo Kirista ana ce masa Ammu Girgis. Ramlatu ta zana masa abin da za a buga: babban da'ira a tsakiyar ambulan, a samansa "Wurin tofi", a ƙasa maganar Faki, da boko da ajami. Ya tambayi Nasiru amfanin da'irar. Da aka fassara masa sai ya yi dariya har da tari, sannan ya ce mahaifiyarsa ba ta barin wasiƙa ta fita gida sai ta shafa mata man coci. Ya ce "bukra". Na nemi wurin zama. Ramlatu ta ce ba bukra, yau, ta ja kujera ta zauna a bakin injin. Kafin magariba ya buga.

Alhamis ƙarfe biyu saura muna Muhandisin, ni da sabon takalmi. Daktora ta riga ta duba kwalaben matan ɗalibai da muka kai mata, duk lafiya, babu namiji. Ta ce, "To aibin naki ne." Ramlatu ta ce, "Nawa ne," ta ajiye kwalbar Hajja a tebur, ta ce a duba wannan za a ga mutum biyu, kuma ta san sunan na biyun, sun sha gahawa da kawunta. Ta yi bayanin tofi tun daga tushe, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ba da haƙuri a madadin kowa ba. Sannan ta fito da koren ambulan.

Daktora ta juya shi gaba da baya. Ta ce kakarta in jika ya yi zazzaɓi, 'yar tsana take yankawa da takarda, ta yi ta soka mata allura tana kiran sunayen maƙwabta masu kambun baka, sannan ta ƙone. "Ni da digirina na sha wannan hayaƙin har na yi aure." Ta cire tabarau. "Amma inji ba shi da kaka, ya Madam. Wata uku na gwaji. Kwalin farko da zai zo da wannan ambulan, in na ga namiji ko ɗaya a kwalbar mace, ba sai kin sake sayen tikiti ba. Tamam?"

"Tamam."

A matakala Ramlatu ta tsaya ta jingina da bango, ta rufe ido kamar minti ɗaya. Da ta buɗe sai ta ce, "Yalla, Kawu, akwai aiki."

Kafin mu taso ta koma wurin Hajja Sittana da sabuwar kwalba. Hajja ta tara, ta rufe, ta liƙe, Faki ya yi tofinsa a tsakiyar da'ira, ya ce wannan ma ya fi, da can yana jin ƙyanƙyami bai faɗa ba.

Mun sauka Kano ranar Asabar. Ramlatu ba ta je gida ba sai da ta tara dillalai, ta sa kowace ta maimaita maganar Faki har ta zauna mata, Iya Tabawa ta ce wannan malamin na Masar ya san abin da yake yi. Kwalin farko kuwa, tunda a kansa komai ya rataya, ta ce ba za ta sa na baƙo ko ɗaya ba. Dangi zalla, waɗanda aka zauna aka yi musu bayani. Ta ba ni kwalba ɗaya in kai wa maiɗakina, Hajiya Uwani.

Na zaunar da ita na yi mata darasi cikakke, da gabatarwa da misalai da tambayoyin bita. Ta ce ta gane. Washegari da na dawo daga masallaci ta miƙo mini ambulan a liƙe, na yi tofina a cikin da'ira, na kai Kano da hannuna.

Jiya muna cin tuwo nake yaba mata, na ce ita ce ɗalibar da ta fi saurin ɗaukar karatu a duk aikina. Ta ce ai ba wuya. Ta ce dai ita tofin bayan ambulan bai kwanta mata ba, shi ya sa kafin ta rufe ta leƙa gidan yayanta Malam Sani ya tofa mata a ciki, kaɗan.

Kwalin kuwa ya riga ya tashi zuwa Alƙahira tun ran Talata.